Wuƙa uku, shekara ɗaya a Sharada: wacce ta kai labari? 🧵

1/
Shekaranjiya na ɗora hoton 'yar wuƙar da nake aiki da ita, sai ga saƙonni ta bayan fage. Wani yana tambayar inda na saya. Wani ya ce wannan ai ta ƙauye ce, in nemi orijinal. Wani kuma cewa ya yi Allah ya shirye ni 😂

To ku gyara zama. Yau zan faɗi ra'ayina a kan ƙananan wuƙaƙen aiki, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba.

2/
Bari in fara da mai maganar. Shekarata shida ina aikin sito a wani kamfani a Sharada, sauke kaya da lodi. Kullum sai na yanka igiyar roba da ake ɗaure dila da ita, bakin buhu, kwali, tiyo, wani lokacin har tsohon bel ɗin inji. Wanda bai yi aikin ba zai ɗauka wasa ne. Wallahi kwali da igiyar roba sun fi nama cin kaifin wuƙa nesa ba kusa ba.

3/
Sannan duk bayan 'yan watanni ni da abokaina mukan tafi kwanan daji wajen dam ɗin Tiga. Kwana biyu, tabarma, tukunya, gidan sauro. A can wuƙa ce komai. Ita ce gyaran kifi, ita ce albasa, ita ce fere turaku, ita ce tsaga itacen girki. In ta ba ka kunya a can, babu kantin da za ka ruga.

4/
Don kada mu yi ta jayayya a banza: ba adda nake nufi ba, ba barho ba, ba wuƙar mahauta ba. Ina maganar ƙaramar wuƙa wadda ba ta ninkewa, ruwanta inci 3 zuwa 5, mai kube. Wadda za ta shiga jakar aiki, ta yi aikin yini guda, hannunka bai gaji ba.

5/
Na san akwai masoya mai ninkewa, musamman Okapi. Ina girmama ta. Tun 1902 aka fara yin ta a Jamus, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu, kuma iyayenmu sun more ta. Amma ta fere rake ce da yanka goro. Duk wuƙar da ke ninkewa tana da gaɓa, gaɓar nan kuma nan ne rauninta. In ka danna ta da ƙarfi tana iya rufewa a kan yatsunka.

6/
Wuƙa uku na yi aiki da su, kowacce na ba ta haƙƙinta:

Ta ɗaya, mai ƙyallin nan ta kasuwa.
Ta biyu, Mora, 'yar ƙasar Suwidin.
Ta uku, ta maƙeri, wadda aka ƙera daga tsohon sifirin ɗin mota.

7/
Ga hukuncina tun yanzu, don wanda datarsa ta kusa ƙarewa: ga ɗan Kano mai aikin ƙarfi, ta maƙeri ce gaba, in an dace da maƙerin da ya san wuta. Mora ce ta biyu, kuma akwai wuraren da ta doke ta maƙeri ƙwarai. Mai ƙyalli kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka rataye ta a bango.

Yanzu ga dalilai.

8/
Mu fara da mai ƙyalli. Kun san ta. Bayanta haƙora kamar zarto, ƙotarta rami ce mai murfi, a kan murfin har da kamfas mai nuna arewa. Kwaikwayon wuƙar fim ɗin Rambo ce, wanda ya fito a 1982. Shekara 40 da ɗoriya, har yanzu tana cin kasuwa a wajen samari. Ni ma ta ci ni, ba zan ɓoye ba.

9/
Ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Ƙarfen wuƙa ba a bakin ƙota yake ƙarewa ba. Yana da wutsiya da ke shigewa cikin ƙotar, kuma ita ke ɗauke da duk nauyin da ka danna. A wuƙar kirki wutsiyar tana tafiya har ƙarshe ko kusa da ƙarshe. To in ƙota rami ce da aka bari don ajiye ashana, ina wutsiyar za ta bi?

10/
A wata na uku na samu amsa. Ina yanka tsohon bel, na danna da ƙarfi, sai ji na yi ƙas! Ruwan ya rabu da ƙotar, ya juyo ya tsaga min tafin hannun hagu. Ɗinki biyar. Sati biyu ban ɗaga ko buhu ɗaya ba. Duk wanda ke da iyali a wuyansa ya san ma'anar sati biyu a zaune.

11/
Da na warke na buɗe ta in ga me ya faru. Wutsiyar ashe wani ɗan siririn ƙarfe ne kamar ƙusa, an ɗiga masa walda, an ɗaure da noti. Shi ke nan. A kan wannan na ɗora hannuna wata uku.

Kuma ko kafin ta karye, kaifinta ba ya wuce kwali goma. Haƙoran bayan nan ma ban taɓa yanka komai da su ba sai aljihun jakata.

12/
Sai Mora. Wani abokina mai harkar oda ta intanet ya kawo min samfurin da ake kira Companion. Ranar da na fara riƙe ta na raina ta, ba nauyi, ƙotar roba, kube na roba, kamar kayan wasan yara. Da na ɗora ta a kan igiya sai na yi shiru. Ban taɓa riƙe wuƙar da ta zo daga kamfani da kaifi irin wannan ba.

13/
Mora sunan wani ƙaramin gari ne a Suwidin. Tun 1891 ake da masana'antar wuƙa a yankin, kuma har yau a can ake yin ta. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ruwanta kusan inci 4, kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Tawa ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce. Wutsiyarta ba ta fita har ƙarshen ƙota ba, amma ta shiga da nisa, an zuba roba ta kama ta gam.

14/
Inda ta burge ni: wasawa. An yi bakinta da gangare ɗaya mai faɗi. Ka kwantar da gangaren a kan dutse, ka goga, shi ke nan, ko yaro zai iya. Fere itace kuwa kamar kana fere rogo. Kuma kubenta na kama ta har ka ji ƙas, ka kifa shi ba za ta faɗo ba, ga 'yar huda a ƙasa da ruwa ke tsiyayewa.

15/
Inda ta gaza min: a sito ba ka san abin da ke cikin kwali ba. Yau ƙusa, gobe waya. Bakin Mora siriri ne, da ya haɗu da waya sai ya lanƙwashe ko ya ɗan gutsure, sai ka zauna gyara. Kuma ba na iya yi mata aikin ganganci, irin ɓamɓare katako ko dukan bayanta da ƙarfi, don na san ba don haka aka yi ta ba.

16/
Babbar matsalarta dai ba a ƙarfen take ba. A can ƙasarsu wuƙar talaka ce, ta kafinta da masunci. Kafin ta iso Kano ta bi ta dala, ta bi ta kuɗin jirgi, ta zama kayan gayu. Sai na tsinci kaina ina ɓoye ta kada abokin aiki ya ce ara min. Wuƙar da kake jin tsoron a ara, anya ta aiki ce?

17/
In ta ɓata ko ƙotar ta fashe, babu mai gyara maka a nan. Sai sabuwar oda, sai jiran sati da satittika. Ga jabu sun cika intanet, hoto ɗaya, suna ɗaya, ƙarfe daban.

Akwai yayarta mai suna Garberg, mai kauri, wadda wutsiyarta ta fita har ƙarshe. Na ga kuɗinta na rufe shafin a hankali 😅

18/
Yanzu ta maƙeri. Na je Ƙofar Ruwa na sayi guntun sifirin ɗin mota a wajen masu tsofaffin ƙarafa, na kai wa wani dattijon maƙeri a cikin gari. Na zaro waya zan nuna masa hoto. Ko kallo bai yi ba. Ya ce, "Yaro, ajiye wannan. Me za ka yanka da ita?"

19/
Na lissafa masa. Ya ce in buɗe hannuna, ya duba faɗin tafina, ya ga tabon ɗinkin, ya girgiza kai. Ya ce, "Ta kanti ce ta yi maka wannan ko?" Na ce e, Baba. Ya ce, "Dawo ran Laraba."

A duk inda na taɓa sayen wuƙa, babu wanda ya taɓa tambayata aikin da zan yi da ita sai shi.

20/
Abin da na karɓa ran Laraba: ruwa inci 4, kauri kamar milimita 4 a baya, ƙarfen ya tafi sambal daga tsini har gindin ƙota. Katakon ƙirya biyu a gefe da gefe, an kafe su da ƙusa uku. Ba ƙyalli, sawun guduma ma yana nan a jikinta. Kuɗin ƙarfe da na aiki gaba ɗaya bai kai abin da nake kashewa a data a wata ba.

21/
Me ya sa sifirin? Saboda an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo, sau dubbai, a ƙarƙashin lodi, bai karye ba. Yawancinsa ƙarfe ne mai sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin 100. Wannan ya isa ya yi taurin riƙe kaifi, bai kuma kai yawan da zai sa shi saurin tsagewa ba. Ga aikin duka da ɓamɓara, da wuya ka samu kamarsa.

22/
Kuma kada wani ya ce wannan dabarar talauci ce. A ƙasar Nepal, wuƙar kukri da sojojin Gurkha suka yi suna da ita a duniya, maƙeran ƙauye da sifirin ɗin manyan motoci suke ƙera da yawa daga cikinta. Turawa na saye suna yi mata bidiyo. Mu namu muna ce masa na ƙauye.

23/
Ga yadda ta kasance a aiki.

Kwali: Mora ta fi ta sulɓi saboda siranta, amma ta maƙeri ba ruwanta da ƙusa.
Igiya da bel: kunnen doki.
Tsaga itace, ka ɗora ta ka doki bayanta da wani icen: ta maƙeri, ba ma gasa.
Gyaran karfasa a bakin ruwa: Mora.
Albasa da tumatir: Mora, kauri ba ya son albasa.
Ɓamɓare katako: ta maƙeri kaɗai na yarda in gwada.

24/
Wata rana a Tiga ruwa ya dake mu da daddare, itace duk ya jiƙe. Mun manta gatari a gida. Da 'yar wuƙar nan muka tsaga itacen muka kai ga busasshen cikinsa, muka hura wuta. Ta sha duka ya fi a ƙirga. Da safe na goga ta a dutse minti biyu, ta aske gashin hannuna. Tun ranar abokaina suka daina yi mata dariya.

25/
Amma ba zan yi muku tallan da aka yi min ba. Ta maƙeri tana da aibu uku, kuma manya ne.

Na farko tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Na sifirin bai kai ko kashi 1 ba. Ka yanka lemon tsami ka bar ta, kafin la'asar ta canja kala. Da damina in ka manta ta a jaka kwana uku, za ka sha mamaki.

26/
Shi ya sa nake cewa 'yan'uwanmu na kamfanonin fata a Challawa da Sharada, masu yini cikin gishiri da jiƙaƙƙiyar fata da ruwan sinadari, wannan shawarar ba taku ba ce. Gishiri zai cinye ta. Haka masunta. Ku nemi marar tsatsa mai kyau, ko da ta fi tsada. Kowane aiki da wuƙarsa.

27/
Aibi na biyu shi ne ya fi damuna: ba tabbas. Kafin in dace da Baba, na ba wani aiki, wuƙar ta zo da laushi kamar gwangwani, ka yanka igiya biyu ta dakushe. Wani abokina kuma tasa ta faɗi a siminti ta rabe biyu kamar tangaran. Sifirin iri ɗaya, sakamako daban. Bambancin duk a wajen wuta yake.

28/
Ga yadda abin yake a taƙaice. Bayan an gama ƙira, sai a gasa ƙarfen har ya kai zafin da maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770, a ɗan ƙara kaɗan. Sai a tsoma shi a mai. Nan zai yi tauri sosai, amma taurin gilashi. Sai a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har ya yi kalar kara, don taurin ya sassauta.

29/
In wutar farko ba ta kai ba, wuƙa ta yi laushi. In an tsallake ɗumamawar ƙarshe, ta karye. In an tsoma sifirin a ruwa maimakon mai, sau da yawa sai ya tsage tun a nan, tsagar da ido ba ya gani. Baba da ido yake auna duk wannan, shekara da shekaru. Wanda ya koya bara ma da ido yake aunawa. Kai mai saye ba ka da hanyar bambance su daga nesa.

30/
Aibi na uku: kube. Wanda aka haɗo min da shi siririyar fata ce mai ado, ja da kore, ta yi kyau a hoto. Sati biyu tsinin ya huda ta. Wuƙa mai kaifi a cikin kube marar ƙarfi haɗari ce a jaka. Sai da na je wajen dukawa na ce a yi min na fatar sa mai kauri, a sa wani zubin fata a gefen da kaifi ke kwanciya don kada ya yanke ɗinkin.

31/
Wani abu da na koya a nan: fatar da aka jeme da bagaruwa, irin ta majemanmu na gargajiya, ta fi dacewa da kube a kan ta kamfani da aka jeme da sinadarin kuromiyam. Ta bagaruwa ta fi tsayawa da ƙarfinta, kuma ba ta cin ƙarfe kamar waccan. Matsalar dai samun fatar sa mai kauri, don mun cinye ta ganda 😂

32/
In za ka saya ko za ka ba da aiki, duba waɗannan:

Ka ga ƙarfen ya fito har gindin ƙota da idonka.
Ka goga magagari a bakin. In ya zame, ta yi tauri. In ya ci ta kamar sabulu, ajiye.
Ka hango ta daga tsini, ta miƙe?
Ka duba tsaga a hasken rana, tsohon sifirin kan zo da gajiyarsa.
Ka tambaya da me aka yi. In an ce rodi, yi sallama.

33/
Sannan ka riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu. In yatsanka na zamewa zuwa kaifi, a yi mata 'yar kafaɗa ko a fafe wurin yatsa. Kada ka biye wa tsawo. Inci 4 ya ishe ka komai, abin da ya fi haka aikin adda ne ko gatari. Doguwar wuƙa nauyi ce a jaka, kuma fitina ce a idon jama'a.

34/
Kulawa ba wuya. Ka wanke, ka goge ta bushe, ka shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗe. Kada ka mayar da ita kube da danshi. Kuma don Allah ku daina kai wuƙar kirki wajen injin wasawa mai tartsatsi. In ka ga bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurin da maƙeri ya sha wahala a kai. Dutse da ruwa da haƙuri sun wadatar.

35/
Yanzu bari in dawo kan Mora, don a nan ainihin abin da ke cina yake. Me suka fi mu da shi? Ba ƙarfin hannu ba. Abin da suka yi shi ne, wuƙa ta farko da ta dubu duk ɗaya suke fitowa. Zafi ɗaya, tauri ɗaya, kube ɗaya, suna a jiki. Ka saya ido rufe. Wannan tabbacin shi ake biya da dala.

36/
Mu kuwa garin da tarihinsa ma da ƙira ya fara. Labarin da muka gada ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, shekara 500 da wani abu. Muna da maƙera, muna da majema, muna da dukawa har da unguwa sukutum mai sunansu. Amma wuƙar aiki sai an kawo mana daga ƙetare?

37/
Kullum in zan tafi aiki ina wuce gine-ginen kamfanonin da suka mutu. Haka Bompai, wadda ita ce babbar yaya, haka Challawa. Tun daga tsarin SAP na 1986 da rashin wuta da kayan waje masu araha, ɗaya bayan ɗaya suka rufe. Wasu sun zama sito na ajiye kayan da aka shigo da su. Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau muna jiran ƙarfenta.

38/
Ban ce wuƙa za ta tayar da Sharada ba, kada a yi min fassara. Abin da nake cewa ƙarami ne. Ɗaki ɗaya, murhu ɗaya mai ma'aunin zafi, wanda maƙera goma za su riƙa kawo ƙirarsu a gasa musu daidai. Baduku biyu masu kube mai ƙarfi. Kowane maƙeri ya buga alamarsa a jikin ƙarfe, in ta karye a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

39/
Za a ce ina wutar lantarkin? Gaskiya ne, ni ma a Sharada nake, na san kukan janareta. Amma murhun gas ma yana yi, kuma ma'aunin zafi ba kayan gabas ba ne. Ga ɗalibanmu na injiniya a BUK da Wudil da Kano Poly suna neman aikin kammala karatu. Ga aiki nan a ƙofar gida, wanda mahauta da masu suya da manoma da leburori za su saya gobe.

40/
Saura wanda ya ce Allah ya shirye ni. Amin, ɗan'uwa, kuma na fahimce ka. A Kano ta yau in an ce matashi da wuƙa, abin da ke zuwa zuciya ƙwacen waya ne da faɗan daba. Akwai gidajen da har yanzu suke kukan ɗansu da aka soka saboda waya. Ba zan yi zaren wuƙa in yi kamar ban san wannan ba.

41/
Don haka ga ƙa'idata, kuma ba na sassauta ta. Wuƙata a akwatin sito take kwana. In za mu daji, tana can ƙasan jaka tare da tukunya da cokali. Ba ta hawa ƙuguna, ba ta shiga adaidaita sahu da ni da daddare, ba ta zuwa majalisa, ba ta zuwa kallon ƙwallo, ba ta zuwa biki.

42/
Masu cewa "don kare kai nake ɗauka", ku ji ni da kyau. Wuƙar da ke ƙugu jiran ranar ɓacin rai take. Musun da zai ƙare da zagi sai ya ƙare a asibiti ko maƙabarta, kai kuma a gidan yari. In 'yan sanda suka tare ka da ita a jiki da tsakar dare, ba ka da bayanin da zai fitar da kai, kuma ni ban ga laifinsu ba.

43/
Amma kuma ban yarda da masu cewa a hana maƙera ƙera wuƙa ba. Baba bai taɓa tare kowa a lungu ba. Shi ke yi wa mahauci da mai tsire da uwar gida kayan aiki, shi ake nema in layya ta zo. Mai mugun nufi ko an rufe duk maƙerun Kano zai ɗauko ta kicin. A kama mai laifi, a bar mai sana'a ya ci abinci.

44/
Hasali ma alamar da na ce a riƙa bugawa tana taimakawa a nan. Maƙerin da sunansa ke jikin ƙarfe zai kula da abin da yake ƙerawa da wanda yake ƙera wa. Baba ya gaya min akwai ƙirar da ko nawa za a ba shi ba ya yi, don daga jin siffar ya san ba ta aiki ba ce. Irin su ya kamata a ɗaga, ba a haɗa su da ɓata-gari ba.

45/
To ga inda na tsaya bayan shekara ɗaya. Mai ƙyalli tana bola, ta bar min tabo. Mora tana jakar kwanan daji, ita ke kifi da albasa. Ta maƙeri ke zuwa aiki kullum, ta yi baƙi, ƙotar ta yi santsin hannu, sau ɗaya na mayar wa Baba ya ƙara matse ƙusa, bai karɓi ko sisi ba.

46/
In kana da maƙerin da ka gwada aikinsa ka gamsu, a Kano ko Wudil ko Bichi ko ina ne, faɗi unguwar a ƙasa, ban da lambar waya sai da izininsa. 'Yan Challawa kuma ku gaya mana wacce ke jure gishiri a wajenku, ni ma ina son in ƙaru.

Wanda kuma har yanzu yake ganin ta Rambo ce, ga hoton tafin hannuna nan a ƙasa 👇